Yadda nake auna nauyin allurar garmaho

Faifai biyu allurar garmahon Baba ta cinye mini kafin in sayi ɗan sikelin dijital na auna nauyin da allura ke danna faifai da shi. Kashe fanka tukuna, ko da zafin Sakkwato na gasa ka, don iska kaɗan ma tana rikita lambar. Kakkaɓe ƙura, ka mayar da maɓallin hana zamewa (wanda ke hana allura zamewa zuwa tsakiyar faifai) kan sifili. Ɗora sikelin a kan farantin da ke juya faifai, tsayinsa daidai da na faifai, ka gwada shi da ɗan ma'aunin giram 5 da ya zo da shi. Sai ka sauke allura a hankali kan ɗigon tsakiyar sikelin. Allurata samfurin AT-VM95E ce, giram 2 take so. In lambar ta kauce, murɗa nauyin da ke bayan hannun da ke riƙe da allura kaɗan, ka sake aunawa. Ni sau uku nake yi.