Yadda Mai Ciwon Sukari Zai Kare Zuciyarsa Daga Kitsen Jini

Yawancin masu ciwon sukari hankalinsu kacokan yana kan na'urar gwaji: yau sukari ya hau, gobe ya sauka. Kitsen jini kuwa, wato kwalestarol, ba kasafai ake tuna shi ba, domin ba ya sa ciwon kai balle jiri. Wannan sakacin yana damuna ƙwarai.

Sukari idan ya daɗe a sama yakan kurje bangon jijiyoyin jini ta ciki. A nan mugun kitse, wanda ake rubutawa LDL a takardar gwaji, yake samun wurin maƙalewa, ya yi ta taruwa kamar laka a magudanar ruwa har hanya ta tsuke. Ranar da tarin ya fashe, jini ya daskare a kansa, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa haɗarin ciwon zuciya ga mai sukari ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi.

Fara da gwaji. Ka nemi a auna maka kitsen jini aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da kai siriri ne, don ramammu ma suna da shi. Ka haɗa da HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin kusan wata 3. Ga yawancin manya ana son shi ƙasa da kashi 7 cikin 100. Awon hawan jini kuma ƙasa da 130/80. Duk ka rubuta su a littafi ɗaya, ka riƙa zuwa da shi asibiti.

Na biyu, tukunya. Ba tuwo ne za ka daina ci ba, malmalar za ka rage, miya ta yi yawa: kuɓewa, kuka, zogale, rama. Wake ya zama abokinka. Man shanun da ake kwararawa a kan tuwo, manjan da ke iyo a miya, kitsen tsire, kayan ciki, da man suyan da aka maimaita har ya yi baƙi, su ne inda gizo ke saƙa. A wajen mai shayi ka ce kada a sa sukari, lemun kwalba kuma ka haƙura da shi. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin.

Sai tafiya da sassarfa, minti 30, kwana 5 a mako. Bayan sallar asuba ko la'asar sakaliya ya fi daɗi. Taba kuwa a bar ta.

Na huɗu shi ne wanda aka fi wasa da shi. Mai sukari ɗan shekara 40 zuwa 75, likitoci kan ɗora shi a kan maganin rage kitse irin su atorvastatin, ko da gwajinsa bai yi muni ba. Kada ka ajiye shi don ka ji garau, jiƙo kuma ba ya maye gurbinsa. In ya sa ka ciwon tsoka, koma wa likita ya sauya maka. Mai juna biyu ko mai shirin ɗauka ta sanar tun kafin a rubuta mata.

Abu ɗaya nake roƙon a sanar da iyalin gida: sukari yana iya lalata jijiyoyin da ke sa a ji zafin ciwo, don haka bugun zuciya na iya zuwa babu ciwon ƙirji. Numfashi sama-sama, gumi mai sanyi, tashin zuciya, nauyi a hannun hagu ko muƙamuƙi, duk wanda aka gani a nemi mota zuwa asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.