Kama gidan haya a Kano ga mai zuwa aiki a keke: kurakuran da aka fi yi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin mai, kekunan da suka daɗe a jingine a bayan ɗaki suka fara komawa kan titi. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000, kuɗin adaidaita sahu shi ma ya tashi. Malamin makaranta, ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar Audu Baƙo, yaron shago a Kantin Kwari, ɗalibin Jami'ar Bayero, kowa ya yi lissafi ya ga keke ya fi sauƙi. Garin ma ya dace da shi, don in ka cire Dala da Goron Dutse, Kano shimfiɗaɗɗiya ce.

Inda ake samun matsala shi ne wajen kama gida. Mutum ya duba fenti, ya duba banɗaki, ya tambayi wuta, ya biya kuɗin shekara cif da la'adar dillali, sai ranar Litinin ta farko ya gane cewa hanyar da ke tsakanin ƙofarsa da wurin aikinsa ita ma ya kama ta haya, kuma bai duba ta ba. Mai gida ba ya mayar da kuɗi don hanya ba ta yi maka ba.

Auna nisa da bakin dillali

“Ai nan da nan ne, minti goma ka isa.” Dillalin bai yi ƙarya ba, amma a kan babur ɗinsa yake nufi. Mai keke a cikin gari, da tsaye-tsaye da kauce-kauce, abin da yake ci a awa ɗaya bai cika wuce kilomita 12 zuwa 15 ba. Kenan kilomita 5 tafiyar minti 20 zuwa 25 ce, kilomita 10 kuwa ta doshi minti 45. A watan Disamba wannan ba komai ba ne. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40, ko a cikin azumi, wani zance ne daban.

Maganin ba shi da wahala, mutane ne kawai suke ganin ɓata lokaci ne: kafin ka ba da ko sisi, hau kekenka ka yi tafiyar da kanka, zuwa da dawowa, a ranar aiki, a daidai lokacin da za ka riƙa fita. Safiyar Lahadi ba gwaji ba ce, titi fayau yake. Juma'a ma tana da nata hali, tunda ana tare hanyoyin da ke kusa da masallatai da rana. Gwada Litinin ko Talata da ƙarfe bakwai da rabi, sannan ka sake gwadawa gab da magariba, lokacin da kasuwanni suke tashi kowa yana sauri.

Kallon tsawon hanya, a manta da abin da ke kanta

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma shi ne wanda ake biya da jiki. Gadojin sama da na ƙasa da aka yi a Kano cikin shekarun nan, irin su ta Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Kabuga, ta Ƙofar Ruwa, doguwar gadar Sabon Gari da ta Hotoro, don mota aka tsara su. Mai keke in ya hau sama, yana haki a hankali motoci suna wuce shi a guje. In ya bi ta ƙasa, ya faɗa cikin cunkoson masu juyawa da masu sauke fasinja. Wuri mafi haɗari shi ne bakin gadar, inda hanya take rabuwa biyu, domin a nan ne dole ka yanke gaban abin hawan da bai yi tsammaninka ba.

Sai kuma shingen kankare da ke raba manyan tituna. Gida yana iya zama kana hango wurin aikinka daga ƙofarsa, amma yana ɗaya hannun titin Zariya ko titin Katsina, kuma wurin juyawa yana can gaba da nisa. Kwana biyu za ka yi kana zagayawa. Rana ta uku ka makara, zuciya ta ce maka ɗan bi hannun da ba naka ba, ai kusa ne. Haka ake sabawa, kuma direban da ke fitowa daga kwana ba ya duba ɓangaren da bai kamata wani ya ɓullo ba.

A lura kuma da irin abin hawan da ke bin titin. Hanyoyin da manyan motoci suke bi zuwa kasuwar Dawanau, ko masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa, ko titin zobe na gabas ta wajen Hotoro da Mariri, ba su yi wa mai keke daɗi. Tirela in za ta karya kwana, ƙafafunta na baya suna matsowa ciki fiye da na gaba, direban kuma ba ya ganin wanda ke maƙale a gefensa. A cikin gari kuwa abokin karawarka adaidaita sahu ne: gefen titin da kake bi nan ne tasharsa, da zarar wani ya ɗaga hannu zai yanko ya tsaya a gabanka ba sigina.

Saboda haka, a ganina, kilomita 7 ta cikin unguwa ta fi kilomita 4 a kan babban titi. In da hali, nemi gida a ɓangare ɗaya da wurin aikinka, yadda ba sai ka tsallaka titi mai shinge ba. In dole ne ka tsallaka, to ka san takamaiman inda za ka yi hakan: wurin da ke da fitilar ba da hannu, ko inda cunkoso ke tilasta wa motoci tafiya a hankali. Lungunan cikin birni, waɗanda mai mota ke tsoro, su ne rahamar mai keke, haka ma layukan Nasarawa masu inuwar bishiyoyi. Manhajar taswira ta waya ba ta san yawancin waɗannan ba. Mai faci na bakin layi ya sani, yaran da ke zuwa makaranta a keke ma sun sani. Tambaye su ta ina suke ɓullewa.

Akwai wani abu ƙarami da ba a cika kawo shi a rai ba, wato rana. Wanda ya zauna yamma da wurin aikinsa, misali a Rijiyar Zaki ko Kabuga yana aiki a Sabon Gari ko Bompai, da safe gabas zai fuskanta, da yamma kuma ya fuskanci yamma. Rana tana idonsa zuwa da dawowa, tana kuma idon direban da ke binsa a baya, wanda shi ne ya fi muhimmanci ya gan shi. Ba dalilin ƙin gida ba ne shi kaɗai, amma in gidaje biyu sun yi kunnen doki, ɗauki wanda ke gabas da wurin aiki.

Duba gida da rani

Layin da ka gani a bushe a watan Fabrairu, jira shi a Agusta. Unguwanni da yawa a Kano an gina su ne a kan kududdufan da aka cike, wasu kuma suna kwari inda ruwan unguwannin sama yake taruwa, ga magudanan da leda ta toshe. Mai mota zai kutsa ya wuce. Kai kuwa ba ka ganin ramin da ke ƙarƙashin ruwan, birki ba ya kamawa sosai in ya jiƙe, taɓo kuma ya cika tsakanin taya da madigadi har ƙafar ta daina juyawa.

Gidan da kansa yana ba da labari in ka duba. Kalli ƙasan katangar waje: akwai zanen da ruwa ya bari? An ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu ko uku fiye da na asali? Akwai tsofaffin buhunan yashi a jikin gini, ko duwatsun da aka jera a tsakiyar layi don takawa? Duk alamu ne. Sannan ka zauna wajen mai shayi ko mai kanti ka tambaya, su ba su da la'ada a cinikin.

Rairayi ma abin dubawa ne. A sababbin unguwannin bakin gari, inda kwalta ba ta kai ba, rabin kilomitar ƙarshe tana iya zama yashi zalla, kullum sai ka sauka ka tura.

Ina keken zai kwana?

Abin mamaki, wannan ce tambayar da aka fi mantawa. Mutum ya kama ɗaki a saman bene don iska da ƙarancin sauro, bai tuna cewa keke irin na da, Raleigh ko Phoenix, yana kai kilo 18 zuwa 20 ba. Ɗaukarsa a kafaɗa a matattakala mai kwana, safe da yamma, feda tana kartar bango mai gida yana kallonka, ba abu ne da ake jurewa wata guda ba. Daga nan sai a fara barinsa a ƙasa “na yau kaɗai”.

Gidan haɗaka kuma yana da nasa sharaɗin. In akwai matan aure a ciki, ɗan haya namiji da ke ɗakin soro ko shagon waje ba shi da ikon shiga tsakar gida, balle ya ajiye keke a can. Abin da ya rage masa shi ne soro, wanda kowa ke bi, almajiri da mai talla da baƙon maƙwabci, ƙofarsa kuma a buɗe take har dare. Ɗan makullin nan da ke riƙe ƙafar baya ba ya hana komai, ɗagawa ake yi a tafi da shi. Dole a ɗaure gangar jikin keken da abin da ba ya motsi, da sarƙa mai kauri da kwaɗo na kirki. Idan babu ƙarfen da za a ɗaura, mai walda zai kafa maka zobe a bango ko a ƙasa da kuɗi kaɗan, amma sai da yardar mai gida, kuma kafin biya ake neman ta:

“Baba Alhaji, ni da keke nake zuwa aiki. Ko za ku ba ni izini in sa a kafa ƙarfe a ƙarƙashin matattakala in riƙa ɗaure shi?”

“Ba komai, ɗana, kowa ma nan yake ajiye nasa.”

“Na gode, Allah ya ƙara girma. Da za a sa mana shi a takardar haya, da hankalina ya fi kwanciya, ko don wanda zai zo da babur gobe.”

Kada ka ji nauyin wannan jimla ta ƙarshe. Gurin da aka ba ka da baki, ranar da sabon ɗan haya ya zo da babur ko injin wuta, kekenka ne zai koma waje. Wurin kuma ya kasance mai rufi, domin rana tana busar da taya ta tsattsage, ruwa kuma ya sa kaca da wayar birki su yi tsatsa. In ɗakin a ƙasa yake, gwada shigar da keken ciki a ranar dubawa, ka ga ko zai juya a ƙofa kuma ya bar maka wurin shimfiɗa sallaya.

Wanda ke da keke mai caji, ya ƙara da tambayar awa nawa ake samun wuta a layin, kuma ko akwai soket kusa da ma'ajiyar. Batir ba ya son zafi, kuma ba a barinsa a caji a kan katifa ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita.

Sauran abubuwan da sai an tare ake tunawa

Ruwa. Mai keke yana wanka da wanki fiye da wanda ke shiga mota. Gidan da babu rijiya ko burtsatse, wani ɓangare na abin da ka tsira da shi daga kuɗin mota zai tafi wajen 'yan garuwa.

Dare kuma. Layuka da yawa yanzu suna da ƙofar ƙarfe da 'yan sintiri ke rufewa, kuma sau da yawa wadda ake rufewa da wuri ita ce ta gajeriyar hanyarka. Wanda ke tashi aiki bayan isha ya bi hanyar sau ɗaya da dare kafin ya yanke shawara: ina ne babu fitila, ina ne babu mutane, wane lungu ne maƙwabta ke cewa ana ƙwacen waya. Mai keke ba shi da gudun tsira irin na mai babur.

Sannan ranar da keken ya ƙi. Ƙusa ba ta sallama. In babu mai faci tsakanin gidanka da babban titi, ka tanadi famfo da kayan faci a ɗaki, ka kuma koyi cire taya. Tun Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano, don haka madadinka adaidaita sahu ne ko bas. Duba ko daga gidan akwai wanda zai kai ka aiki a hawa ɗaya. In sai ka yi hawa uku, kowace ranar ruwan sama ko zazzaɓi za ta ci maka kuɗin kwana da kwanaki, kuma ɗan adaidaita ba zai ɗauki kekenka da ya lalace ba sai ka yi shata.

Bin arha zuwa bakin gari

Haya ta fi sauƙi a wajejen Bachirawa, Ɗorayi ta ciki, Mariri ko Panshekara fiye da Tarauni ko titin Gidan Zoo, wannan kowa ya sani. Lissafin da ake yi shi ne: tunda keke ba ya shan mai, nisa kyauta ne. Ga gwauro mai ƙarfi a jika wanda aikinsa ke Challawa, zama a Panshekara daidai ne, har ma ya fi. Amma mai iyali ya tuna shi kaɗai ne ke kan keken. Uwargida za ta je awo da unguwa, yara za su je boko da Islamiyya, duk a adaidaita, kuma daga nesa. Ɗauki takarda ka rubuta bambancin hayar gidajen biyu a shekara, ka raba shi gida 12. A gefe guda ka rubuta kuɗin motar iyali na wata, da naka na ranakun da ba za ka iya hawa ba, waɗanda suke ƙaruwa gwargwadon nisan gidan, da taya da kaca da za su riƙa ci da wuri. Sau da yawa ciki da falo a kusa, ko da ya fi ƙanƙanta, shi ne yake fitowa da sauƙi a takardar.