Yadda na dawo da yaran kulob ɗinmu bayan sun sha kaye a gasar mutum-mutumi

Tunda muka dawo daga gasar FIRST LEGO League, wadda yara ke haɗa mutum-mutumi da bulon LEGO su fafata, a can ƙasan jeri, yara suka fara zille wa atisaye. Masu zuwan ma sai zargin juna, wai mai rubuta wa mutum-mutumin umarni a kwamfuta ne ya kayar da mu.

Lallashi bai yi ba. Sai na kunna musu bidiyon wasanmu, minti 2 da rabi ne kacal, muka bi shi daki-daki. Ashe tun daga wurin tashi mutum-mutumin yake karkacewa, don kowa da yadda yake ajiye shi. Muka haɗa magwaji da bulon LEGO mai saita shi wuri guda, muka kuma sa ya riƙa gyara tafiyarsa da na'urar gane juyi da ke cikin SPIKE Prime, wato kayan LEGO da muka haɗa shi da su. Ranar da ya tafi a miƙe, har mai gadi sai da ya leƙo saboda ihu.

Na kuma nuna musu cewa wasan da mutum-mutumin ke yi a kan tebur kashi 25 cikin 100 ne na sakamako, a sauran kuwa alƙalai na duba ƙira, bincike da haɗin kai. Masu tsoron kwamfuta suka karɓi binciken. Yanzu makin makon jiya muke rubutawa a allo, shi muke ƙoƙarin wucewa.