Yadda Ake Zaɓen Kifi a Kasuwa Ba Tare da an Ƙarar da na Tafki Ba

Maraɗi ba ta da teku, amma kifi ba ya yankewa a kasuwanninta: akwai ɗanye daga Tafkin Madarunfa, akwai banda daga yankin Difa, sannan ga na ƙanƙara da ke shigowa cikin kwali. Abin da mai cefane ya yarda ya saya, shi masunci zai koma ya kamo gobe.

Da farko, a tambayi mai kifi inda aka kamo shi. Wanda ke karɓa daga hannun masunta ba ya jinkirin faɗin sunan ruwan da ranar da kayan suka iso.

Mataki na biyu shi ne duba girma, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci. A ɗora karfasa a tafin hannu; idan ba ta cika shi ba, a mayar da ita cikin tire. Haka ma 'ya'yan tarwaɗa da na giwan ruwa, waɗanda ake tarawa kashi-kashi a sayar da araha. Irin wannan tarin yakan fito ne daga taru mai ƙananan ido, wani lokaci ma daga gidan sauron da aka raba domin kare yara daga zazzaɓi, kuma yana kwashe kifin da bai kai ga yin ƙwai ba ko sau ɗaya. Tafkin Madarunfa, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 2019, ƙaramin ruwa ne da ke ja da baya sosai da rani, saboda haka ba zai jure irin wannan kwasar ba.

Na uku, a lura da lokaci. Da damina, lokacin da gulbi ya kawo ruwa, yawancin kifayenmu ke hayayyafa, don haka idan aka ga tarwaɗa ciki ya kumbura da ƙwai, gara a koma ga ta kiwo, wadda ake renonta a kududdufin siminti ko na leda.

Banda kuma sai an karya ta an shinshina. Ƙamshin hayaƙi ake nema. Idan warin maganin ƙwari ya bugi hanci, a bar ta, domin wasu na fesa mata guba don korar tsutsa.

Game da kifin ƙanƙara da sardin na gwangwani, a nemi ganin rubutun da ke jikin kwalin. Akan rubuta lambar yankin tekun da aka kamo kifin; lamba 34 tana nufin tekun yammacin Afirka, wanda ya haɗa da wajen Muritaniya da Sanagal, inda masana'antun niƙa kifi don abincin dabbobi suka matsa wa ƙananan kifaye lamba. Idan an yi sa'ar ganin shuɗin tambarin MSC, wata ƙungiyar duniya mai tantance kamun kifin da ba ya ƙarar da shi, alama ce ta cewa an tantance hanyar kamun, ko da yake a shagunan Maraɗi ba kasafai ake cin karo da shi ba.