Yadda Na Rage Ƙarar Kwamfutata a Gombe

Kwamfutar da nake tace bidiyon bukukuwa da ita, kuma nake buga wasa da daddare, ta kai matsayin da take ruri kamar injin niƙa, musamman a watan Afrilu lokacin da zafin Gombe yake kaiwa digiri 40. Da na buɗe akwatinta, sai na tarar ƙurar hunturu ta toshe ragar gaba, man rage zafi da ke kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma ya bushe kamar alli.

Na share ƙurar da buroshi, na shafa sabon mai, sannan na cire ƙaramar fankar firosesa ta asali na sa na'urar sanyaya firosesa mai suna Noctua NH-D15, wadda fankokinta biyu masu faɗin milimita 140 suke tura iska mai yawa ba tare da saurin juyawa ba. Sai da na auna akwatin tukuna, domin tsayin na'urar milimita 165 ne. Tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda yake ƙas-ƙas idan ina jan bidiyo, na maye gurbinsa da SSD, wato ma'ajiyar da babu abin da ke juyawa a cikinta. A BIOS kuwa, wato shafin saiti da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, na saita fankokin kada su ƙara gudu sai zafi ya wuce digiri 65, yanzu fankar silin kaɗai nake ji a ɗakin.