Keɓe yankin teku don kare halittunsa: inda ake yawan yin kuskure

Je ka kasuwar kifi ta Kado a nan Abuja da sassafe, ka ga yadda ake sauke kwalayen kifin ƙanƙara, titus da kote da panla, akasarinsu daga ƙasashen waje. Amma ka tayar da zancen kare halittun teku a majalisar da muke zama da yamma, amsar da za ka fara ji ita ce: "Malam, ina ruwanmu da teku? Ai na mutanen Legas da Fatakwal ne." Wannan ne kuskuren farko, kuma gyaransa ba wuya. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga Legas har Kuros Riba, a Abuja kuma ake yanke shawara a kanta, musamman tun da aka kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023. Kifin da ruwanmu ya kasa ba mu, da dala ake sayo shi, tsadar kuwa a tukunyar miya take ƙarewa.

Wasu kuma da sun ji an ce "an keɓe yanki" sai su ɗauka an haramta kamun kifi kwata-kwata. Ba haka ba ne. Akwai inda ba a taɓa komai, akwai inda aka hana manyan jirage kawai, akwai wanda ake rufewa lokacin da kifi ke saka ƙwai. 'Yan jarida, don Allah a riƙa faɗin wane iri ne.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ƙidayar faɗi a takarda. A Disambar 2022, a birnin Montreal na Kanada, ƙasashen duniya sun amince su kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin 2030. A 2024, abin da aka keɓe a teku bai wuce kusan kashi 8 ba, wanda ake tsarewa da gaske kuwa kusan kashi 3 ne. Zana layi a taswira aikin yini guda ne, gadin layin shi ne jidali.

Mu Hausawa ba baƙin wannan dabara ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda dubban masunta ke rugawa cikin kogin Matan Fada da homa da gora, kafin wani lokaci a fito da giwan ruwa da sai an taru ake ɗaga ta. Me ya sa kifin ya girma haka? Saboda an hana kamun kifi a wurin sai lokacin biki, akwai Sarkin Ruwa, kuma kowa ya san idon jama'a na kansa. Da a ce sanarwa kawai aka yi aka watse, da ko tarwaɗa ba za ta rage ba. To haka teku yake. Dokokin kamun kifi na Najeriya sun hana jirage masu jan taru shiga mil 5 na farko daga gaɓa, amma ƙananan masunta sun daɗe suna kukan cewa ana shiga. Don haka kafin a sa hannu a kan sabon yanki, a fara amsa waɗannan: wa zai yi sintiri, da wane jirgi, wa zai sayi mai, kuma wace kotu za a kai wanda aka kama?

Sai zaɓen wuri. Gwamnatoci na son keɓe can tsakiyar teku inda ba mai kamfanin da zai yi ƙorafi. Lissafi ya haura, amfani kaɗan. Gidan renon kifi da jatan lande yana bakin gaɓa, cikin dajin itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri na Neja Delta, wanda babu kamarsa girma a Afirka. A can ayu yake kiwo, a rairayin gaɓa kuma kunkurun teku ke binne ƙwai. Can ɗin ne kuma malalar ɗanyen mai ta fi ɓarna: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce farfaɗo da yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Korar mai kwalekwale ma kuskure ne, domin wanda aka raba da abincinsa da rana, da dare zai dawo. A Banc d'Arguin na Muritaniya, da aka keɓe tun 1976, an bar masuntan ƙabilar Imraguen suna kamun kifi da jiragen da iska ke turawa, aka hana masu inji. A Cabo Pulmo na Meziko kuwa, masuntan ƙauyen ne da kansu suka nemi a rufe wurin, aka rufe a 1995. Shekarun farko ba a ga wani canji ba, kuma a nan ne masu gaggawa kan ce abin ya gaza. Da aka sake aunawa a 2009, nauyin kifin da ke wurin ya ninka na 1999 fiye da sau biyar.