Fayil ɗin .zip da ya ƙi buɗuwa: yadda nake kwance shi a kwamfuta da waya

Da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai shigo shagona da waya a hannu yana cewa, "Malam, abin da aka turo mini ya ƙi buɗuwa" ba. Buga takardu da fotokwafi nake yi a bakin wata makaranta a Zariya, kuma tun kafin in karɓi wayar na san abin da zan tarar: fayil mai suna da ya ƙare da .zip ko .rar. Makon jiya wata ɗaliba ce. Malaminsu ya ƙunshe musu takardun darasi goma sha biyu ya tura ta WhatsApp, ita kuwa ta sauke har sau uku tana zaton lalacewa ya yi, datarta ta tafi a banza.

Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Ƙunshi ne, kamar a zuba kaya a buhu, a danne, a ɗaure baki. Wani Ba'amurke, Phil Katz, shi ya fito da ZIP a 1989, RAR kuma aikin wani Barashe ne, Eugene Roshal, daga 1993. Amfaninsu biyu: haɗa fayiloli da yawa su zama guda, da rage musu nauyi. Rubutu yana matsuwa sosai. Hoton JPG da bidiyon MP4 kuwa an riga an matse su tun asali, don haka wanda ya sa bidiyon biki a ZIP don ya rage nauyi, ƙuli-ƙuli yake matsa yana neman mai.

A Windows ba ka bukatar wata manhaja don ZIP. Ɗora maus a kan fayil ɗin, danna maɓallin dama, ka zaɓi "Extract All". Zai nuna maka inda zai zube kayan. Idan wurin bai yi maka ba ka canza ta "Browse", sannan ka danna "Extract". Sabuwar folda za ta fito da sunan ƙunshin, kuma a cikinta ake aiki. A Mac ma dannawa biyu kawai, folda ta bayyana kusa da shi.

Ga inda mutane ke faɗawa rami, ni ma na faɗa. Idan ka danna ZIP sau biyu a Windows, zai buɗe ya nuna maka abin da ke ciki kamar folda ce. Ba folda ba ce, leƙen buhu kawai kake yi. Duk fayil ɗin da ka buɗe daga nan, kwafinsa ake ajiyewa a wani lungu na wucin gadi. Shekarun baya wani ɗalibi ya kawo mini babi na uku na furojet ɗinsa a cikin RAR. Na buɗe shi kai tsaye, na rufe tagar WinRAR, manhajar da ke buɗe RAR, na shafe awa biyu ina gyara ina adanawa. Washegari ya zo karɓa, muka buɗe ƙunshin, babi na nan yadda ya kawo shi, ko waƙafi bai canza ba. Haƙuri na ba shi, na sake aikin kyauta. Manhajar da aka ƙunshe ma haka take: ka danna "setup" daga cikin buhu, sai ta nemi 'yan uwanta fayiloli ta rasa, ta tsaya. A fara zubewa, sannan a taɓa.

Windows 10 bai san RAR da 7z (wani nau'in ƙunshin) ba. Windows 11 ya fara buɗe su da kansa tun ƙarshen 2023, amma idan an kulle su da kalmar sirri sai ya gagara. Ni dai 7-Zip nake sa wa kowace kwamfuta a shagon. Igor Pavlov ya fitar da ita a 1999, kyauta ce, ba talla, ba nauyi, kuma daga 7-zip.org ake ɗauko ta, ba daga shafukan nan masu manyan maɓallan kore guda biyar ba. Bayan ka sa ta, danna dama a kan fayil, ka shiga "7-Zip" (a Windows 11 sai ka fara bi ta "Show more options"). Za ka ga "Extract Here" da kuma "Extract to" tare da sunan ƙunshin. Na biyun nake zaɓa kullum. Na farkon yana iya watsa maka hotuna ɗari uku a fuskar kwamfuta, ka wuni kana tsincewa.

WinRAR ma tana aiki, gwajin kwana 40 take bayarwa, bayan nan ta riƙa tuna maka kuɗi duk buɗewa. Abin da na fi damuwa da shi shi ne ba ta sabunta kanta. A 2023 an gano wata ƙofa a cikinta da ɓarayin intanet ke bi, aka toshe a siga ta 6.23, amma har yau ina ganin laftof da aka kawo gyara ɗauke da wadda aka sa tun ranar da aka saye ta.

A wayar Android, matsalar farko ita ce gano inda fayil ɗin ya sauka. Na burauza yana foldar Download. Na WhatsApp yana can ciki, sai ka bi Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Media, ka isa WhatsApp Documents. Idan ZIP ne, manhajar Files by Google ta isa: taɓa shi, ka danna "Extract", har ma ta tambaye ka ko a goge ƙunshin bayan an gama. Amma ZIP kaɗai ta iya. Don RAR da 7z, ZArchiver nake sa wa mutane daga Play Store. Ka taɓa fayil ɗin, jeri ya fito, ka zaɓi layin "Extract to" mai ɗauke da sunan ƙunshin. A iPhone, tun iOS 13 na 2019 manhajar Files ke kwance ZIP da kanta: daga WhatsApp ka danna alamar rabawa, "Save to Files", ka je can ka taɓa shi sau ɗaya.

Idan ya ƙi duk da haka, fara duba wuri. Waya na bukatar gurbin ƙunshin da na kayan da za su fito, kuma yawancin wayoyin da ake miƙo mini cike suke taf da bidiyon guruf. Saƙon "Unexpected end of archive" kuma yana nufin netwok ya yanke kafin saukewa ta kammala. Tambayi wanda ya turo nauyin nasa, ka gwada da naka. Akwai kuma mai zuwa gunduwa-gunduwa, part1.rar, part2.rar, ko .7z.001 da .7z.002. Tara su duka a folda ɗaya, kada ka taɓa sunayensu, ka kwance na farkon kawai, sauran za su biyo shi. Ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya. Kalmar sirri kuwa wurin mai turowa take, kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta. Manhajojin da ke alkawarin fasa ta, ban ba kowa shawarar su ba.

Leƙen buhun nan da na kushe yana da ranarsa: kafin ka kwance ƙunshin da ba ka san mai shi ba. An ce maka fom ɗin tallafi ne ko takardar ɗaukar aiki, ka leƙa ka ga .exe, .scr ko .apk? Goge shi. Takarda ba ta zuwa da wannan wutsiyar, ta manhaja ce. Windows yana ɓoye ƙarshen suna, shi ya sa "takarda.pdf.exe" ke fitowa a matsayin "takarda.pdf". Buɗe kowace folda, ka shiga "View" ka kunna "File name extensions". Idan kuma baƙo ya turo ƙunshi a kulle, ya rubuto kalmar sirrin a cikin saƙon, sau da yawa don kada riga-kafin kwamfuta ya ga abin da ke ciki ne.

Ɗalibar nan kuwa, Files by Google na wayarta tun da ta saya, ba ta taɓa buɗe ta ba. Na bar wayar a hannunta ina nuna mata da yatsa, cikin daƙiƙa goma takardu goma sha biyu suka fito. Biyu kawai ta ce in buga mata, sauran za ta karanta a waya.